Dattijon Tankinmu da Jiƙaƙƙen Kwano

Duk wanda ya taɓa ƙyanƙyasar tarwaɗa ya san wani abu da ba a cika gaya wa masu shan farfesu ba: kafin a samu 'ya'ya sai an kashe uban. Mace ba ta da wannan matsalar. Za a yi mata allura da yamma, da safe ƙwanta ya nuna, a matsa cikinta a hankali ya zubo cikin kwano, a mayar da ita ruwa ta ci gaba da harkokinta. Namiji kuwa ko za ka matse shi har yatsunka su ƙage, ba abin da zai fito. Dole a tsaga cikinsa da reza, a ciro 'yan jakunkuna biyu da ruwansa ke ciki, a tsiyaye a kan ƙwan. Daga nan sai tukunya.

Babana ya shiga wannan sana'a bayan ya bar aikin jirgin ƙasa. Ya gina tankunan siminti huɗu a bayan gidanmu na Sabon Gari, tsakanin kicin da bishiyar gwaiba, ya koyi allura da matsa da tsaga, har maƙwabta suka riƙa zuwa da bokiti neman 'ya'yan kifi. Ba mutum ne mai tausayin kifi ba. Na sha ganinsa yana tsaga namiji yana musu da baƙo a kan wa'azin ranar Lahadi, ko kallon hannunsa ba ya yi. Kifi ɗaya ne kawai ya gagare shi.

Wata shekara ciwo ya shiga tanki na uku. Kifayen suka riƙa tasowa ciki a sama, kullum Baba na kwashe su da raga, har ranar da ya zubar da ruwan don ya wanke tankin, ya tarar da namiji guda kwance a kusurwa, lafiyarsa ƙalau. Ya ware shi ya ci gaba da ciyar da shi. Kifin nan ya girma har ya kai tsawon hannun Baba daga kafaɗa zuwa yatsu, baƙi wuluk, ɗaya daga cikin gashin bakinsa guntu. Dattijo muke ce masa, domin ba ya rububin abinci. In an watsa, sai sauran sun gama haukansu sannan ya taso a hankali ya ɗauki nasa.

A ganin Baba, irin da ya tsira daga wancan ciwon shi ne irin da ya kamata ya cika tankunan, kuma yana da gaskiya. Duk damina sai ya ce, "Bana kam zan yanka shi." Duk damina kuma sai an samu dalili: matan ba su cika ba, ruwan bai kwanta ba, rezar ba ta da kaifi. Sai ya kamo wani saurayin namiji ya tsaga. Shekara biyar muna haka, shi yana tsufa kifin yana tsufa. Kowa a gidan ya san yadda abin yake. In dattijo ya mutu da kansa, irinsa ya tafi ke nan. In kuma an yanka shi, Baba ya rasa abokin zama, domin a bakin tankin nan yake kai kujerarsa da rediyonsa kowace hantsi.

Ni a lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Samaru, a can kuma nake zaune, a ɗaki ɗaya cikin gidan da ɗalibai suka fi yawa. Ni ba malama ba ce. Ni ce mai wanke kwalabe, mai haɗa ruwan magani, mai narka gilashi a wuta in ja shi ya zama allura siririya fiye da gashi. Da abu biyu aka san ni a wurin: hannuna ba ya rawa, bakina kuma ba ya shiru. Na farkon nake alfahari da shi. Na biyun ya sha jawo mini abin da ban shirya ba.

Ana nan wata likitar dabbobi ta dawo daga karatu a ƙasar waje, aka haɗa ni aiki da ita. Dokta muke kiranta. Mace ce mai magana a hankali, irin wadda in ta yi maka faɗa sai ka koma gida kafin ka gane faɗa ne. Abin da ta koyo shi ne yin kwafin kifi, wato a samu sabon kifi daga jikin tsoho, ba tare da ruwan namiji ba, ya fito iri ɗaya sak da wanda aka ɗebo.

Yadda ta bayyana mini ranar farko bai da wuya. Jikin kifi duk ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace ƙwaya kuma tana da cibiya a tsakiyarta, a cikin cibiyar nan aka rubuta yadda ake gina kifin gaba ɗaya, daga baki har wutsiya. Sai dai ƙwayar da ta tsinci kanta a wutsiya ta daina karanta komai sai shafin wutsiya. Ƙwai kuwa yana da wani iko da ba a gama gane shi ba. In aka zuƙe cibiyar ƙwan aka fitar, aka tura masa cibiyar ƙwayar wutsiya, yakan sa ta manta cewa ita wutsiya ce, ta koma ta fara karatun daga farko. In abin ya yi, kifi ya fito. Sau da yawa ba ya yi.

Aikin hannu ne, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A jikin kowane ƙwai akwai wata 'yar ƙofa da ruwan namiji ke bi ya shiga, ta nan allurar gilashi ke bi. Amma ƙofar nan tana buɗe ne muddin ƙwan bai taɓa ruwa ba. Da ya ji ruwa sai ya farka, ya kumbura, ƙofar ta rufe. Shi ya sa duk kwanon da za a zuba ƙwai sai ya bushe ƙayau. Mun yi watanni muna gwadawa da ƙananan kifayen da ke ɗakin. Ranar da na ga ƙwan da na soka da hannuna ya rabu biyu, ya sake rabuwa huɗu, sai da na fita waje na sha iska. Bai wuce yini ɗaya ba ya tsaya, amma ni kaina ya riga ya kumbura.

Kowace Lahadi bayan coci a gida nake cin abincin rana. A kan tuwon ne wata rana na zuba musu maganar. Mama tsohuwar malamar firamare ce, ba ta kuma shiga harkar kifi. Kifi da ƙarninsa na Baba ne, kicin nata ne, kowa ya san iyakarsa. Duk da haka ita ta fara gane bayanin.

"Wato za ku mai da wutsiya aji ɗaya ke nan," ta ce.

"Haka ne, Mama."

"To Allah ya sa ta ci jarrabawa."

Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye lomar da ya yanko, ya ce, "Ke, tsaya. Za ki yanki wutsiyan dattijo, ki yi wani shi ɗin?"

"Ɗan kaɗan, Baba, bai kai farce ba. In an samu kwafin, sai a bar su su girma. Su za ka riƙa yankawa kana samun irin, shi kuma ya zauna lafiya."

Ya kalli ƙofar baya. Can ya ce, "Su ɗin da za a yanka, shi ne ko ba shi ba ne?"

Na ce ba shi ba ne, kamar tagwayensa ne da aka haifa a makare. Ya jinjina kai. Abin da ya kamata in ƙara a wurin shi ne cewa ba mu taɓa samun ko kifi ɗaya mai rai ta wannan hanyar ba. Ban ƙara ba. Na ga yadda fuskarsa ta sake, na ji daɗin zama 'yar da ta zo da mafita, na cika baki na ce kafin damina ta ƙare zai ga ƙananan dattijai suna yawo a roba.

Dokta ba ta hana ni ba. Ta dai ce, "Kin gaya masa yadda abin yake da wuya?" Na ce na gaya masa. Ta dube ni ta saman gilashinta ta ce to.

Ranar yankan wutsiya Baba da kansa ya kamo dattijo, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu ya rungume kamar mai riƙe ɗa a wurin wanzami. Na yanki ɗan gefen wutsiyar da almakashi na jefa a kwalba. Mutumin da ke tsaga kifi yana hira, ranar kauda kai ya yi. Ya tambaye ni sau biyu ko wurin zai sake tsirowa, na ce zai tsiro.

Sati uku na yi ina rainon ƙwayoyin nan a Samaru. Ana daddatsa naman ne ƙanana, a sa a wani faifan roba da ruwan abinci na musamman, a ajiye a akwatin da ke riƙe ɗumi daidai. Ruwan abincin nan Dokta ta zo da shi daga waje, ya kuma kusa ƙarewa, don haka mun san dama ɗaya muke da ita. In wuta ta ɗauke ni ce da gudu wajen mai janareto, har ya riƙa ɓuya in ya hango ni. Na daina fita cin abincin rana. A hankali ƙwayoyin suka rarrafo daga naman suka shimfiɗu a ƙasan faifan, na riƙa leƙa su ta madubi ina gaishe su kamar mutane. Ina tuna kwanakin nan da daɗi. Ban taɓa son aikina kamar a lokacin ba.

Ƙwan kuma daga tankin Baba za a ɗauko. Na so a kai macen Samaru a matse ta a can, Baba ya ƙi, ya ce macen da aka yi wa allura in aka jijjiga ta a hanya sai ta zubar da ƙwan a ruwa. Wannan ma gaskiyarsa ce. Sai muka tsara haka: ya yi mata allura ranar Juma'a da yamma, ni in zo Asabar da safe in ɗebi cokali biyu in ruga Samaru, Dokta kuma tana can ta riga ta ɓamɓaro ƙwayoyin wutsiya daga faifan tana jira. Sauran ƙwan Baba ya haɗa da ruwan wani saurayin namiji kamar yadda ya saba.

Na zo da kwanona daga ɗakin gwaje-gwaje, ƙaramin kwanon gilashi mai murfi, wankakke, an gasa shi a tanda ya bushe, na naɗe shi a takarda. Kwanukan Baba a ƙusa suke rataye a bakin tanki, a can ya kamata in ajiye nawa. Amma na shigo ta kicin ina gaisuwa, hannuna cike da kula da jaka, sai na ɗora shi a kan teburin Mama na wuce.

A gidanmu ba a zuba abu a kwano ba a ɗauraye shi ba. Ko yanzu aka wanke shi aka kife, in za a zuba miya sai Mama ta sake watsa masa ruwa ta kaɗa. Haka take yi wa kofi, haka take yi wa cokali, haka ta yi wa kowane kwanon da ya taɓa shiga hannunta tun kafin a haife ni. Ni ma haka nake yi a ɗakina har yau, ba na ma sanin na yi. Na yi sati uku ina yi wa mai janareto bayani, na yi wa masu shara bayani, amma ban taɓa gaya wa Mama cewa ruwa ne abokin gaban wannan aikin ba.

Muka kamo macen, Baba ya goge ta da tsumma har ta bushe, ya riƙe kanta, ni na riƙe wajen wutsiya. Ƙwan ya riga ya fara ɗigowa. Na ɗaga murya na ce, "Mama, miƙo min kwanon nan na kan tebur!" Ta kawo ta tara a ƙarƙashin kifin. Idona na kan cikin macen, ƙwan ya zubo kore-kore mai sheƙi, na ce ya isa, na rufe, na sa a kula, na fita ko sallama ban yi ba.

Na tare keke mai ƙafa uku na ce ni kaɗai, Samaru, kada ya ɗauki kowa. Muka ratsa unguwar PZ cikin cunkoso, na rungume kula a cinya, duk ramin da ya faɗa sai na yi masa tsawa. A ƙarshe ya juyo ya ce, "Madam, ƙwai ne a ciki?" Na ce ƙwai ne. Ya ce to da na faɗa tun farko, ya rage gudu, na sake yi masa tsawa ya ƙara.

Dokta ta ɗiga ƙwan kaɗan a gilashi ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta ce, "Ruwa ya taɓa su."

Na ture ta na leƙa da kaina. Sun kumbura, sun manne da juna, ƙofar kowanne ta rufe. Na ɗaga kwanon sama na ga ruwa kwance a gindinsa, ɗigo-ɗigo kuma a jikin murfin. Jijjigar hanya ta gauraya shi da ƙwan tsaf. Babu sauran ƙwai a gida, domin Baba ya riga ya haɗa su, ƙwayoyin wutsiyar kuma an ɓamɓaro su, ba za su jira wata mace ba. Duk da haka muka zauna muka riƙa soka ta jikin ɓawon har la'asar. Ko ɗaya bai rabu ba.

Na koma Sabon Gari da yamma raina a ɓace. Na tarar da Mama tana tsince shinkafa. Ba zan maimaita duk abin da na faɗa ba, domin har yanzu ina jin kunyarsa. Na ce ta zubar da aikin sati uku da ruwan famfo. Na ce wa ya sa ta. Na ce abin da mutum bai sani ba ya bar shi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni dai kwano na ɗauraye." Baba yana tsaye a ƙofar baya yana jinmu. Na ɗauki jakata na tafi.

Ranar Litinin muna wanke kaya Dokta ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Kin san ko da kwanon a bushe yake, da wuya mu samu kifi. Waɗanda suke da duk kayan aiki ma suna soka ƙwai masu ɗimbin yawa kafin ɗaya ya ƙyanƙyashe, shi ma sau da yawa ba ya rayuwa." Na ce na sani. Na kuwa sani tun farko. Sai dai ɗora laifin a kan kwano ya fi mini sauƙi a kan in je in ce wa Baba alkawarin da na yi masa dama ba shi da ƙafa. Washegarin faɗan, ranar Lahadi, na je wata cocin a Samaru, na dafa taliya a ɗaki. Lahadin da ta biyo baya ma haka.

Ranar Juma'a Baba ya kira ni a waya. Ya ce ya yi wa manyan matansa biyu allura, in zo gobe da safe. "Zan yanka shi," ya ce. "Damina na wucewa, shi ma ya fara barin abinci. Hannuna na rawa yanzu, ba na so in ɓata jakan. Ke za ki tsaga."

A nan na gane abin da na yi. Shekara biyar yana samun dalili, ni kuma na zo na ba shi dalili mafi girma, sannan na ƙwace. Yanzu ba shi da sauran wurin ɓuya.

Na isa da hantsi. Na gaida Mama a kicin, ta amsa kamar ba abin da ya faru, wanda ya fi faɗa ciwo. A baya Baba ya riga ya shirya komai: matan biyu a manyan robobi, busassun kwanukansa, ruwan gishiri, sabuwar reza a takardarta. Ya shiga tankin da kansa ya kamo dattijo, ya shimfiɗa shi a jiƙaƙƙen buhu a kan tebur, ya juya shi ciki a sama. Kifin bai yi wani kokawa ba. Ya dai riƙa buɗe baki yana rufewa.

A ƙa'ida sai a buga masa katako a ka tukuna, sannan a tsaga. Baba ya ɗauki katakon, ya ɗaga, ya tsaya. Ya sauke ya gyara tsayuwa ya sake ɗagawa. Sai ya miƙo mini ya ce, "Yi duka."

Na karɓa. Ni da na soka ƙwai ba adadi ban taɓa jin komai ba, ni da ake kira in an rasa mai riƙe allura, na tsaya da katako a hannu ina kallon cikin kifin nan yana hawa yana sauka. Hannuna bai yi rawa ba, ƙin motsi ya yi. Na dubi Baba, yana kallon bishiyar gwaiba. Na ce, "Baba, ka riƙe kan da kyau." Ya ce ya riƙe. Muka ci gaba da tsayuwa. A roba ɗaya macen ta fara bugun ruwa, alamar ƙwan ba zai daɗe yana jira ba.

Ban san tsawon lokacin da Mama ta yi a bakin ƙofa tana kallonmu ba. Na dai ji takalmanta. Ta zo ta ture ni da kafaɗa, ta kama bakin buhun biyu ta naɗe kifin, ta ɗaga shi da ƙyar tana nishi, ta taka zuwa tanki ta juye shi. Ruwa ya fantsalo ya jiƙa mata zani.

"Kai ba ka so, ita ba ta iyawa," ta ce wa Baba. "To wahalan me kuke ba shi a rana? Wa ya ce dole sai ya bar iri? Ga samari can cike da tanki, kamo ɗaya kafin ƙwan matan nan ya wuce."

Baba ya tsaya yana kallon ruwan. Dattijo ya nutse ƙasa, ya zagaya sau ɗaya, ya kwanta a kusurwarsa. Sai na ji Baba ya saki wani dogon numfashi, ya fashe da dariya, irin wadda ba ta da nisa da kuka. Ya share ido da gefen riga ya ce, "To Malama ta yanke hukunci." Ya ɗauki raga ya kamo saurayi, ya buge shi ya tsaga da kansa, hannun da ya ce yana rawa bai kuskure ko kaɗan ba. Muka matse matan, muka gauraya, muka baza ƙwan a kan ragar gidan sauro. Aikin bai ɗauke mu rabin awa ba.

Na sami Mama a ɗaki tana canza zani. Na durƙusa na gaya mata gaskiya, cewa ko da ba ta taɓa kwanon ba, da wuya a samu komai, na kuma san haka tun ranar da na yi mata rashin kunya. Na ce ta yafe mini.

"Ke, tashi," ta ce. "Ni tun farko ban sa rai wutsiya zai zama kifi ba. Abin da ya dame ni, Lahadi biyu ina zuba tuwon mutum uku ina mayar da ɗaya tukunya."

A nan ne na yi kukan da ban yi a gaban madubi ba.

Dattijo ya ƙara damina biyu. Baba bai sake cewa zai yanka shi ba, ni ma ban sake neman wutsiyarsa ba, duk da cewa na ci gaba da aikin da Dokta, ina kuma sonsa har yau. Wata safiya Baba ya kai kujerarsa ya tarar da shi kwance a gefe, ba ya motsi. Bai bar ɗa ba, bai bar kwafi ba. Da na zo na ɗauka zan sami Baba cikin baƙin ciki, sai na same shi yana haƙa rami a gefen katanga, kifin naɗe a buhu a gefensa, ya cire riga yana 'yar waƙar coci ƙasa-ƙasa. Wani maƙwabci da ya leƙo ya ce kifi mai girman nan ai asara ce a binne shi, Baba ya ce wannan ba na ci ba ne. Na tambaye shi ko yana da-na-sanin irin da ya tafi. Ya jingina da shebur ya ɗan yi tunani.

"Irin dai ya tafi," ya ce. "Amma shi na same shi har ƙarshe. Riƙe min wancan gefen buhun."